Ƙwayar ciwon kai guda tana iya kashe kyanwar da ke gadin rumbu

Idan ana lissafin dukiyar makiyayi, shanu da raƙuma da tumaki da awaki ake ƙirgawa, wani lokaci a haɗa da jaki. Ba mai sa kyanwa cikin lissafi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe mabuɗin bankin abincin bisashe na ƙungiya, ko a Dakwaro ne ko a Tanut ko a Abalak, ya san aikin da take yi. Buhunan dussar alkama da na angurya da aka ajiye domin tsakiyar rani, da damman hatsi da ke cikin rumbu, kusu ne babban abokin gabarsu. Yana ci, yana fasa buhu, yana ɓata sauran da fitsari da kashi. Inda akwai kyanwa mai lafiya, wadda da yawanmu ke kira mussa, ɓarnar tana raguwa ba tare da an kashe ko dala ba.

Saboda wannan amfani nata, in ta dawo gida da rauni ko tana ɗingishi, mai gida yakan ji tausayinta ya nemi abin da zai ba ta. Abin da ke kusa da hannu kuwa shi ne ƙwayar parasetamol da aka saya wurin mai tebur, ko ragowar allurar da aka yi wa saniya. A nan ne tausayi ke komawa asara. Mu ma'aikatan lafiyar bisashe mun fi saba magana kan ciwon huhun shanu da masassarar awaki, amma wannan batu ma ya cancanci a zauna a kansa, domin darasin da ke cikinsa ya shafi garke gaba ɗaya: kowace dabba da yadda jikinta ke karɓar magani.

Hantar kyanwa ba irin ta akuya ba ce

Duk maganin da ya shiga jiki sai ya fita. Hanta ce ke sarrafa shi, ta ɗaura masa wani sinadari da zai sa ya narke cikin ruwa, sannan ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari, ko ya bi matsarmama ya fita da kashi. Bisashe masu cin ciyawa da ganyen itace kullum suna haɗiyar ɗaci da guba iri-iri na tsirrai, don haka hantarsu ta ƙware ƙwarai wajen wannan aiki. Akuyar da ke cin ganyen aduwa da bagaruwa ba ta rasa hanyar fitar da abin da bai dace da jikinta ba.

Kyanwa kuwa maciyar nama ce zalla tun asalinta. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da hanta ke bi wajen ɗaure irin waɗannan sinadarai kusan a toshe take a jikinta. Haka halittarta take, ba ciwo ba ne, kuma haka abin yake ga zaki da damisa.

Asfirin ya ishe mu misali. Masana suna auna tsawon lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya bar jini. A jikin akuya, rabin sinadarin asfirin yana fita cikin ƙasa da awa 1. A jikin kare yana ɗaukar wajen awa 8 zuwa 9. A jikin kyanwa kuwa sai ya kai kusan awa 38, wato fiye da kwana guda da yini. Ma'ana, akuyar da aka ba da safe, kafin la'asar jininta ya wanke. Kyanwar da aka ba da safe, gobe war haka kusan kashi biyu cikin uku na maganin yana nan yana yawo a jininta. In aka ƙara mata wani da dare, aka sake ƙarawa da safe kamar yadda mutum ke sha, maganin taruwa yake yi bisa kan na jiya har ya zama guba.

Parasetamol: ko gutsure bai halatta ba

Cikin dukan magungunan da ke gidajenmu, babu wanda ya kai parasetamol haɗari ga kyanwa, kuma babu wani awo nasa da za a ce ya dace da ita. Da yake hantarta ba ta iya ɗaure shi, sai ya bi wata hanya ya rikiɗe ya zama abin da ke lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki. Dabbar tana shaƙar iska amma jikinta kamar wanda aka shaƙe.

A duba lissafi. Ana iya ganin illa tun daga miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki. Kyanwar ƙauye ba ta cika wuce kilo 3 ba. Ƙwaya guda ta manya tana da miligiram 500, wanda ya ninka wancan awo fiye da sau 15. Ko an raba ƙwayar huɗu aka ba ta kashi ɗaya, an riga an wuce iyaka nesa. Ruwan parasetamol na jarirai ma bai tsira ba, kuma magungunan mura da na ciwon jiki da ake haɗawa da maganin kafeyin ko ibuforofen galibi akwai parasetamol a cikinsu ko da sunan da ke kan kwalin daban ne.

Alamomin suna fitowa cikin ƴan awoyi. Kyanwar ta yi lakwas, tana haki, tana dalalar da miyau. In aka ɗaga leɓenta, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. Fuska da tafin ƙafafu su kumbura, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe kan wuta. Wadda ta wuce kwana biyu tana iya yin shawara, idanu su yi rawaya, alamar hanta da jini sun taɓu.

Akwai makari, sunansa asetilsistayin, kuma ana samunsa a farmasi domin shi ne ke cikin wasu magungunan tsinka majina na mutane. Sai dai yana aiki sosai ne in an fara shi cikin awoyin farko, ana maimaita shi kowace awa 6 har kusan kwana biyu, kuma awonsa bisa nauyin dabba yake. Wannan lissafin aikin likitan dabbobi ne. Abin da ke hannun mai kyanwa shi ne saurin kai labari.

Magungunan kumburi: abin da suke gyarawa da abin da suke ɓatawa

Ibuforofen, diklofenak, asfirin, ketoforofen, fenilbutazon, fuluniksin da meloksikam duk dangi ɗaya ne. Suna rage zafi da kumburi da zazzaɓi ta hanyar hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Matsalar ita ce waɗannan sinadarai ba ciwo kaɗai suke kawowa ba. Su ne ke sa ciki ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Su ne kuma ke buɗe hanyoyin jini na ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. In aka danne su da yawa, ko aka daɗe ana dannewa, ciki ya yi gyambo, ƙoda ta rasa jini ta tsaya.

Wannan batu na ƙoda ya fi tsanani a ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Damagaram da Maraɗi, dabba marar lafiya da ta ƙi ci ta ƙi sha tana bushewa cikin yini guda. Kyanwa kuma tun asali ba mai yawan shan ruwa ba ce, daga naman da take ci take samun mafi yawan ruwan jikinta. Wadda ta kwana biyu ba ta kama kusu ba saboda rauni, ƙodarta tana tafiya ne da taimakon waɗancan sinadarai. Allurar kumburi guda a wannan hali tana iya zama ajalinta.

Alamomin gyambon ciki su ne amai, wani lokaci da jini ko da abu mai kama da garin kofi, ƙin abinci, da kashi baƙi ƙirin kamar kwalta. Alamomin ƙoda sukan jinkirta kwana biyu zuwa biyar: yawan ƙishirwa da yawan fitsari da farko, daga baya fitsarin ya ragu ko ya ɗauke, baki ya yi wari, dabbar ta kwanta ta kasa tashi.

Akwai haɗe-haɗe guda biyu da ke ƙara wa abin muni. Na farko, haɗa maganin kumburi da dekisametazon ko wani na danginsa. Wasu kwalaben allurar shanu da dawaki sun zo da fenilbutazon da dekisametazon a haɗe, kuma haɗuwar nau'o'in nan biyu tana saurin huda ciki. Na biyu, maganin ɓera. Yawancin wanda ake zubawa a ma'ajiya yana hana jini daskarewa ne. Kyanwar da ta ci guba ko ta ci kusun da ya ci gubar, ta yi sanyi, aka ba ta asfirin wai don ta warware, an ƙara buɗe wa jini hanya ke nan.

Kada a manta da na shafawa. Man zafi da ake murza wa gwiwa da baya yana ɗauke da dangin asfirin, wani kuma diklofenak ne a cikinsa. Duk abin da aka shafa wa kyanwa sai ta lashe shi. Har hannun mutumin da ya shafa bai wanke ba tana iya lasa.

Kwalbar saniya ba ta kyanwa ba ce

Akwai magungunan kumburi da aka yarda a yi wa kyanwa amfani da su, kamar meloksikam da asid tolfenamik da robenakoksib. Meloksikam yana bin wata hanya dabam a hanta wadda ke aiki a jikin kyanwa, shi ya sa ba ya taruwa kamar asfirin. Duk da haka rabinsa yana ɗaukar kusan kwana guda kafin ya fita, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. A shekarar 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa an buga gargaɗi a jikin kwalinsa cewa maimaita shi ga kyanwa yana da alaƙa da tsayawar ƙoda da mutuwa. A ƙasashen Turai ana ba da shi na tsawon lokaci, amma da awo ƙarami ƙwarai, da ruwan magani da aka yi musamman domin kyanwa, ana kuma auna jininta lokaci-lokaci.

Ga inda makiyayi ke iya faɗawa. Meloksikam na allurar shanu yana da miligiram 20 cikin kowace mililita. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar mililita 6 da ɗan ɗori. Kyanwa mai kilo 3, awon allurarta mafi girma, wanda ake yi sau ɗaya tak, bai cika miligiram 1 ba. Daga kwalbar shanu, wannan bai kai ɗigo guda cikakke ba. Wanda ya ja mililita 1 cikin sirinji yana ganin ya rage sosai, ya ba ta abin da ya ninka awonta fiye da sau 20. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ruwan meloksikam na sha da aka yi wa karnuka ma ya ninka na kyanwa ƙarfi sau uku, miligiram 1.5 ne a mililita maimakon 0.5.

Kafin ma'aikacin lafiya ya yi wa kyanwa irin wannan allura, sai ya auna nauyinta a kan sikeli, ya ja fatar wuyanta ya ga ko ta bushe, ya tambaya ko tana ci tana sha tana fitsari, ya kuma tambaya ko an riga an ba ta wani abu a gida. A faɗa masa gaskiya a kan wannan tambaya ta ƙarshe. Ɓoye cewa an ba ta ibuforofen jiya yana iya sa allurar yau ta ƙarasa ta.

Maganin olsa ba ya wanke laifin maganin kumburi

Mutane da yawa sun ji a gidan likita cewa in za a sha diklofenak a haɗa da omefrazol domin kare ciki. Daga nan wasu suka ɗauka in an haɗa biyun an tsira, ga mutum ko ga dabba. Ba haka ba ne.

Omefrazol yana rage ruwan tsamin ciki, kuma cikin magungunan da aka gwada a jikin kyanwa shi ya fi aiki, in ana ba da shi sau biyu a yini bisa nauyinta. Amma yana ɗaukar kwana biyu zuwa huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafsonsa an lulluɓe su ne domin su wuce ciki su narke a hanji, don haka in aka daka su a cokali an rage masa amfani. Kafso guda na mutum, mai miligiram 20, ya yi wa kyanwa yawa nesa ba kusa ba. In kuma an daɗe ana ba da shi fiye da mako uku ko huɗu, ba a tsayar da shi rana guda, sai a hankali, don kada tsamin ya dawo da ƙarfi.

Famotidin bai kai shi ƙarfi ba, kuma aikinsa yana raguwa in ana maimaita shi kullum. Ranitidin kuwa bai nuna wani amfani na a zo a gani ba a jikin kyanwa, ga shi ƙasashe da yawa sun janye shi daga kasuwa tun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa.  Sukralfat yana manne wa gyambo kamar filasta, amma yana kama sauran magunguna ya hana su shiga jini, shi ya sa ake raba su da tazarar awa 2. Misofrostol yana maye gurbin sinadarin da ke kare ciki, sai dai yana zubar da ciki ga dabba mai juna biyu, kuma mace mai ciki ba ta ko taɓa shi da hannu. Akwai kuma ruwan maganin gudawa da ɓacin ciki mai ɗauke da bismut da salisilat, wanda ɗan uwan asfirin ne. Mai ba da shi yana ganin ciki yake gyarawa, alhali gubar yake ƙarawa.

Babban abin riƙewa shi ne, duk waɗannan magunguna ciki kaɗai suke taɓawa. Babu ɗayansu da ke kare ƙoda, babu wanda ke kare hanta ko jini daga parasetamol. Wanda ya ba kyanwa ibuforofen ya bi da omefrazol ya kwanta da kwanciyar hankali, garin neman gira ne zai rasa ido.

In abin ya riga ya faru

A ɗauki kwalin ko takardar maganin, a tuna lokacin da aka ba da shi da yawansa, a kira mataimakin kiwo na gari ko likitan dabbobi mai zaman kansa na yankin, wato na tsarin SVPP, ko ma'aikatar kiwo ta komin. Kada a jira alamomi su fito, domin lokacin da dasashi ya canja launi an riga an ci rabin tafiya.

Kada a ɗura mata ruwan gishiri don ta yi amai, gishirin kansa yana kashewa. Madara da man gyaɗa da kanwa ba makari ba ne, kuma ɗura yana iya sa ruwa ya faɗa huhu. Gawayin murhu ba shi ne gawayin magani da ake sayarwa a farmasi ba. A sa ta a inuwa, a ajiye mata ruwa mai tsabta ta sha da kanta.

A kama ta da zane mai kauri ko buhu, ba da hannu tsirara ba. Kyanwar da ke dalalar da miyau ba tare da an san ta sha wani magani ba, ko ta canja hali tana kai cizo, a yi zaton ciwon haukan kare, wanda ke kama kyanwa ma. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi gidan likita a ranar.

Ga rauni na yau da kullum, kamar na faɗan muzurai ko tarko, abin da za a iya yi a gida ya wadatar a matakin farko: a tafasa rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali guda na gishiri, a bari ya huce, a wanke raunin sau biyu a yini. Kada a sa kirezil ko wani maganin wanke ɗaki mai irin warinsa, domin hantar kyanwa ba ta iya fitar da shi. Haka nan maganin kaska da ake zuba wa shanu a gadon baya ko ake fesawa yana sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya. In ta kwana biyu ba ta ci ba, ko raunin ya tara mugunya, ko ƙafa tana lilo, lokacin neman ma'aikaci ya yi.

Darasin ungulu

Kyanwa ba ita kaɗai ce maganin bisashe ke kashewa a kaikaice ba. A shekarun 1990 ungulaye suka fara mutuwa da yawa a Indiya da Pakistan da Nepal, har wani nau'insu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. A 2004 aka gano dalili: diklofenak da ake yi wa shanu. Saniyar da ta mutu ƴan kwanaki bayan allura, ungulun da ya ci mushenta ƙodarsa ke tsayawa. A 2006 ƙasashen uku suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma ga meloksikam wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da ungulu. Ungulun da muka sani a mahautanmu shi ma yana cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma shi ke share mushe kafin karnuka da ƙudaje su yaɗa cuta. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allurar kumburi, a binne ta da zurfi. Wadda aka yanka kafin wa'adin da ke rubuce a kwalba ya cika, hantarta da ƙodarta ba na mutum ba ne, ba kuma na kyanwa ko kare ba. Ga meloksikam na shanu, wa'adin da aka saba rubutawa shi ne kwana 15 ga nama, kwana 5 ga nono.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Wannan ba ya buƙatar kuɗi. A taron ƙungiya na gaba, a amince cewa kyanwar ma'ajiya ba a ba ta kowane magani sai da izinin mataimakin kiwo, a rubuta lambar wayarsa a jikin ƙofa. Magungunan mutane da na bisashe a raba musu akwati, a rufe, a daina barin ragowar allura cikin sirinji. Mai tsaron ma'ajiya ya zaɓi ɗaya tsakanin kyanwa da maganin ɓera, kada ya haɗa su a ɗaki guda. A ajiye mata kaskon ruwa a inuwa, musamman daga Maris zuwa faɗuwar damina. Maganin bisashe kuma a saye shi a wurin da aka amince, mai rubutaccen suna da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa, domin kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, ba a iya auna ta ga saniya balle ga dabba mai kilo 3.

A kuma isar da saƙon ga mata da yara, domin su ne suka fi kusa da kyanwa a gida, su ne kuma za su fara ganin ranar da ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin rumbu.